Ana ce mana 'yan sa kai, amma kullum muna bakin aiki

'Yar Bulumkutu: Assalamu alaikum. Shekaru na yi ina aiki da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, ina auna damtsen yara ina raba maganin tamowa. Da safe mu sa hannu a rajista, in ka makara a yanke maka alawus. Da Amurka ta dakatar da kuɗin USAID, hukumarta ta ba da agaji, a farkon 2025, saƙon WhatsApp kawai aka turo cewa mu zauna gida. Ba takarda, ba kuɗin sallama, wai mu 'yan sa kai ne. Don Allah, muna da wani haƙƙi a doka?

Malam na Kotu: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sunan da suka laƙaba miki ba shi ne ƙarshen magana ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na duba yadda aikin ya gudana a zahiri: wa ke ba ki umarni, wa ke ƙayyade lokaci. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, ga duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Ki adana saƙonnin banki da katin shaidar aikinki, kuma ku je a ƙungiyance.

Tsohon Direba: Ni na ɗauki manyan ƙungiyoyin agajin a mota, na ga abin da idona. Kwana ɗaya a otel a Abuja, ana taron bita, ya fi alawus ɗinki na wata. A Istanbul a 2016 masu ba da tallafi suka yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kafin 2020. Ba a cika ba. Ma'aikacin da ke shiga garuruwan Borno irin su Rann da Monguno shi ne mai ƙaramin rabo, wannan abin yana ci min rai.

Hajiya Mai Ƙungiya: Gaskiyarku, amma ku ji namu. Mu ƙungiyoyin gida, kwangilar wata shida manyan ƙungiyoyi ke ba mu, ba layin fansho a kasafin, alhali doka ta ce wanda ya ɗauki ma'aikaci ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8. In ka saka layin fanshon, masu ba da kuɗin su soke shi. 'Yata, ki kai ƙara, kuma ki ambaci babbar ƙungiyar da ta ba da kwangilar.

'Yar Bulumkutu: Na gode. Malam, katin sun karɓe, amma hotunan rajista suna wayata. Za su wadatar?