Me wutar da ake aikawa cikin ƙwaƙwalwa take yi wa farfaɗiyar da ta ƙi jin magani?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana fama da farfaɗiya tun yana yaro, ya sha magunguna iri-iri bisa ƙa'ida amma faɗuwar ba ta tsaya ba, kuma likita ya ce tiyatar yanke wurin ba za ta yiwu ba, domin ba daga wuri ɗaya ciwon ke tasowa ba. Ya ambaci dasa na'ura mai aika wutar lantarki cikin ƙwaƙwalwa. Don Allah, mene ne aikin wutar a can ciki?

Likitan Jijiya:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Lokacin faɗuwa, ɗimbin ƙwayoyin jijiya ne ke sakin wuta gaba ɗaya a lokaci guda, sannan abin ya bazu zuwa sauran sassa. Ana zura siraran wayoyi biyu zuwa ɓangaren gaba na wani sashe mai suna talamus, wanda yake kamar mararrabar da saƙonni ke ratsawa tsakanin wurin adana tunani da ɓawon ƙwaƙwalwa, batirin kuma a binne shi ƙarƙashin fatar ƙirji. A tsarin da aka fi sani, na'urar tana bugawa sau 145 a daƙiƙa, ta yi aikin minti 1, ta huta minti 5. Masana suna ganin wannan bugun yana wargaza haɗin bakin ƙwayoyin, ya rage yaɗuwar ciwon, amma ba ya tumɓuke tushensa.

Malam Mai Nazari:
Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne amfanin yana ƙaruwa da shekaru. A gwajin SANTE da aka yi a Amurka kan mutum 110, faɗuwa ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari ga waɗanda aka kunna wa na'urar a ƙarshen watanni uku na farko, ta kai kashi 69 bayan shekara 5, lamarin da ya sa ake zaton hanyoyin ƙwaƙwalwar suna sake tsari sannu a hankali. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar a 2018.

Likitan Jijiya:
Haka ne, Malam. Sai dai, Hajiya, wannan hanyar saƙonni da ta ratsa talamus tana da hannu a tunawa da yanayin zuciya, shi ya sa wasu ke kukan mantuwa ko baƙin ciki bayan an kunna na'urar. Idan an dasa, kada ya daina shan maganinsa, kuma ku riƙa rubuta ranar kowace faɗuwa, domin da wannan lissafin likita ke daidaita ƙarfin wutar.