Abin da masu kiwon kaji a gida suka fi jaddadawa

Da aka tattauna da waɗanda suka daɗe suna kiwon kaji a bayan gida, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a haɗa sabuwar kaza da na gida ranar da aka kawo ta. A keɓe ta aƙalla mako 2, a lura da kashinta da numfashinta. Dalili kuwa, tana iya zuwa da cutar Niyukasul, wata cutar kaji mai saurin yaɗuwa. Cutar ba ta da magani, rigakafi kawai ake yi, kuma tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki. Ni dai a ganina wannan ce shawarar da ta fi kowacce nauyi.

Sai 'yan tsaki. Ƙwai na ƙyanƙyashewa ne bayan kwana 21, kuma a makonnin farko ɗumi suke buƙata. Idan ka ga sun cunkushe a ƙarƙashin fitila suna ta kuka, sanyi suke ji. Idan sun watse gefe suna haki, zafin ya yi yawa. Mazubin ruwansu kada ya yi zurfi, don sukan nutse.

Sauran an taɓo su a gurguje: zakara ɗaya ya ishi kaji kusan 10, akurki ya riƙa samun iska, a sauya shimfiɗa da zarar ta jiƙe, a kuma rufe ƙofa da magariba.