Wane lensi ya dace in saya kafin fitarmu zuwa Yankari?

Ɗan Gwale:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana masu sha'awar ɗaukar hoto. Mu da muke haɗuwa a Kano ranar Asabar muna zaga gari da kyamarorinmu mun tsayar da shawarar zuwa Yankari a ƙarshen watan Fabrairu, idan Allah ya kai mu. Kyamarata Canon 700D ce, kuma ba ni da wani lensi sai 18-55mm da ta zo da shi, wanda ya ishe ni a Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi amma na san ba zai jawo mini dabba daga nesa ba. A shagon da nake sayayya an nuna mini guda biyu: EF 75-300mm III sabo a kwali, da EF-S 55-250mm IS STM na hannu. Mai shagon ya ce in ɗauki na farkon tunda ya fi jawo nesa, wani abokina kuma ya ce in bar su duka in sayi 50mm f/1.8. Kuɗina na guda ɗaya ne kawai, shi ya sa nake neman shawararku.

Baba Mai Hoto:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ɗauki 55-250mm ɗin, muddin lafiyarsa ƙalau. Mai shago bai yi maka ƙarya ba da ya ce 300 ya fi 250, sai dai bambancin bai kai yadda lambar take nunawa ba. Sensar kyamararka, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, ƙarama ce, tana ninka tsawon lensi sau 1.6, saboda haka 250mm zai ba ka abin da 400mm yake bayarwa a babbar kyamara, 300mm kuma ya ba ka 480mm. Wannan 'yar tazarar kana iya cike ta a kwamfuta ta hanyar yanke gefen hoto, tunda kana da megafiksel 18 a hannu. Abin da kwamfuta ba za ta gyara maka ba shi ne hoton da ya girgiza, kuma a nan ne 75-300mm yake kasawa, domin ba shi da na'urar hana girgiza da Canon take kira IS.

Ka dubi yadda ake kallon namun daji a wurin. Ana fita da mota ne da sassafe ko da yamma, lokacin da haske bai da ƙarfi, kuma a rani dabbobi suna taruwa ne a bakin kogin Gaji, inda itatuwa suka yi duhu. Duka lensin biyu idan ka ja su ƙarshe ƙofar haskensu f/5.6 ce. Ba tare da IS ba, sai ka riƙe saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa ko fiye kafin rawar hannu ta ɓace, wanda zai tilasta maka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, har hoton ya cika da tsaki-tsaki. Da IS kuwa kana iya sauka ƙasa da haka sosai idan gwanki ko ɓauna ta tsaya cak tana kallonku. Amma ka sani IS rawar hannunka yake kashewa, ba motsin dabba ba. Idan garken ya zabura, sai dai ka ƙara sauri. Ku kuma roƙi direba ya kashe inji duk lokacin da kuka tsaya, domin karkarwar mota tana bin jiki har cikin hoto.

Shi 50mm lensi ne mai kyau ga fuskokin mutane, ka saye shi wata rana, amma ba na wannan tafiya ba ne. Giwa kuma kada ka sa ta a lissafin dole: dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma ba kowane baƙo ne yake dacewa da ita ba.

'Yar Zazzau:

Na yarda da Baba, sai dai kalmar "na hannu" ce ta tsaya mini, Malam. Ka je shagon da kyamararka, kada ka yarda a gwada maka a tasu. Cire murafen biyu, ka haska fitilar waya ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba ta hana komai, amma idan ka ga wani farin abu mai rassa kamar saƙar gizo, fumfuna ce, kuma an fi samunta a kayan da suka daɗe a garuruwa masu danshi irin Legas da Kwatano. Ka ajiye musu abinsu. Sannan ka fito waje ka ɗauki allon wani shago mai nisa a 250mm, ka faɗaɗa hoton ka ga ko rubutun ya fito tas. Ka tabbata kuma an rubuta STM a jikinsa, saboda akwai tsofaffin samfuri biyu masu wannan tsawon, kuma na STM (sunan ɗan injin da ke saita lensin) da ya fito a 2013 ya fi su kaifi da shiru wajen saita kansa. Bakinsa 58mm ne daidai da na 18-55mm ɗinka, don haka filta da murfi ɗaya za su yi maka aiki a duka biyun.

A daji kada ka canza lensi a cikin buɗaɗɗiyar mota, domin ƙurar hanya za ta shiga cikin kyamara har ta kai ga sensa. Ka ɗaura dogon tun daga ɗaki, ka bar gajeren sai kun sauka ruwan ɗumi na Wikki. A sansanin Wikki kuma ku riƙe jakunkunanku da kyau, gwaggon biran wurin sun saba da cewa jaka abinci ce ke cikinta.

Mai Bin Tsuntsaye:

Ni ina da ɗan ja, tare da girmamawa ga Baba. Yankari tana da tsuntsaye sama da iri 350, kuma su ne abin da za ku fi gani ko da manyan dabbobi sun ɓuya. Burtu da cilakowa za su shiga 250mm, amma ƙananan da ke saman reshe ɗigo kawai za su zama a hoto. Aikinsu sai irin Sigma 150-600mm, wanda nauyinsa ya kusa kilo biyu, kuɗinsa kuma ya ninka na waɗancan. Ban ce ka saya ba, ɗan'uwa. Tunda ƙungiya ce, ku bincika ko wani mai Canon a cikinku yana da dogon lensi, ku riƙa karɓa-karɓa a masauki tsakanin fitar safe da ta yamma. Ka kuma lura cewa lensin EF-S irin 55-250mm ɗin nan ba ya hawa manyan kyamarorin Canon irin 6D ko 5D, idan kana da niyyar komawa can nan gaba, ko da yake da adafta yana aiki a sababbin kyamarorin Canon masu bakin RF.

Ɗan Gwale:

Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya da Malam. Zan koma shagon da kyamarata da fitilar waya, idan ya tsallake gwajin shi zan ɗauka. Yawancin 'yan ƙungiyarmu Nikon suke riƙewa, saboda haka aron zai yi wuya, amma zan tambaya. Baba, akwai wani abin da ya kamata mu tanada ban da wannan?

Baba Mai Hoto:

Ku riƙe batir na biyu da memori na biyu, ku yi caji duk lokacin da kuka samu wuta. Ku bar Kano bayan asuba ta hanyar Ningi, domin daga Bauchi akwai sauran tafiya ta Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar ma sai kun ƙara kusan kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki. Idan kun sauka ruwan, kada kowa ya ɗaga kyamara wajen masu wanka sai ya nemi izininsu, musamman inda akwai iyali.