Firinta ɗaya tsakanin Linux, Windows da Mac

Tambaya: Salamu alaikum. Firinta na haɗe da kwamfutar Linux ta USB. Yaya Windows da Mac za su riƙa buga takardu da ita, su kuma ga fayiloli?

Amsa ta 1: Wa'alaikumus salam, Malam. Firinta aikin CUPS ne, wato manhajar da ke kula da buga takardu a Linux. A kwamfutar Linux ɗin, rubuta umarnin cupsctl --share-printers, ka buɗe tashar (port) 631 a katangar tsaro (firewall). Mac kan gano ta da kanta. Windows kuwa ba ta adireshin http://IP:631/printers/sunanta, inda IP shi ne adireshin kwamfutar Linux a hanyar sadarwa, sunanta kuma sunan firintar.

Amsa ta 2: Fayiloli sai Samba, manhajar raba fayiloli a Linux, tashar 445. Kada ka manta da smbpasswd -a sunanka, domin Samba tana ajiye kalmar sirrinta daban. Nan aka fi maƙalewa.

Amsa ta 3: Ba Linux ɗin tsayayyen IP, don rauta na sauya shi komai zai yanke. Kuma kada ka kunna SMB1, tsohuwar hanyar raba fayiloli, ta nan muguwar manhajar WannaCry ta bi a 2017.