Shin ya dace in yi sharhi a kan littafin da ban kai ƙarshensa ba?

Mai Son Karatu, Kano

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu karatu. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so in ji ra'ayin manya da tsararrakina a kanta.

Watanni biyu da suka wuce na biya naira 1,000 domin a saka ni a rukunin WhatsApp na wani littafi da marubuciyarsa take sakewa shafi-shafi. Shafukan kyauta guda 15 da ta fara fitarwa sun ja hankalina ƙwarai, domin labarin wata bazawara ce da take riƙe da 'ya'yanta uku da sana'ar ɗinki, kuma an rubuta shi da Hausa mai tsafta. Da aka shiga shafukan kuɗi sai labarin ya canza hanya. Bazawarar ta haɗu da wani attajiri, aka bar zancen yaran da keken ɗinkin, aka koma kwatanta motoci da kayan ɗaki da akwatunan lefe. Na daure har shafi na 42 daga cikin 90, sannan na ajiye, kuma ba na jin zan koma.

Yanzu an ɗora littafin a wata manhaja da ake ba da taurari daga 1 zuwa 5, kuma ƙawayena biyu suna tambayata ko su saya. Zuciyata ta rabu biyu. Ina ganin kuɗina da lokacina sun ba ni damar faɗin abin da na gani, amma kuma ina tsoron in yanke hukunci a kan abin da ban ga rabinsa ba, in shiga haƙƙin baiwar Allah da ta ɓata dararenta tana rubutu. Shin in ba da tauraro, ko in rubuta sharhi kawai, ko kuwa in ja bakina in yi shiru?

Tsohon Malamin Hausa, Zariya

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya kafin ki danna.

Na shekara fiye da 30 ina koyar da adabi a makarantun sakandare, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibaina shi ne, jigon littafi ba ya gama warwaruwa sai a shafin ƙarshe. Ɗauki *Jiki Magayi* na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a shekarun 1930. Wanda ya karanta farkonsa ya ajiye zai rantse cewa labarin soyayya ne, na saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. Sai an yi nisa ake gane cewa littafin yana magana ne a kan ramuwar gayya da irin ɓarnar da take jawowa har ga wanda bai ji ba bai gani ba. Haka *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa: nauyin littafin yana cikin wahalar da uwar ta sha wajen neman ɗanta da yadda suka haɗu a ƙarshe, kuma wanda ya tsaya a tsakiya bai ɗanɗani wannan ba. Wa ya sani ko marubuciyarki ta kawo motocin da lefen ne domin ta nuna yadda dukiya ta rufe wa bazawarar ido har ta manta da 'ya'yanta, sannan ta dawo da ita kan hanya a shafi na 70? Ban ce haka ne ba, amma ke ma ba za ki iya rantsuwa cewa ba haka ba ne.

Saboda haka ni a wurina tauraro bai kamace ki ba. Tauraro awo ne na littafin gaba ɗayansa, kuma wanda ya gan shi a manhaja ba zai san cewa daga shafi 42 aka ciro shi ba. Lamba ba ta da bakin da za ta yi bayani. Shaida kuwa amana ce, kuma mai shaida yana faɗin iyakar abin da idonsa ya gani ne, ba ya ɗorawa da zato.

Amma ban ce ki yi shiru ba. Akwai abubuwan da ake iya gani tun kafin a kai ƙarshe, kamar tsaftar harshe, da ƙa'idojin rubutu, da salon bayar da labari, da ko zantukan mutanen cikin littafin sun yi kama da na mutanen da muka sani. Waɗannan kina da cikakken ikon yin magana a kansu. Abin da ba ki da iko a kansa shi ne jigo da zubi da tsari, domin waɗannan sai wanda ya ga ginin har rufinsa. Ki rubuta, ki fara da faɗin inda kika tsaya, kuma kada ki kira abin da kika rubuta nazari ko tarke, ki kira shi ra'ayin mai karatu.

Ɗalibi a Damagaram

Ina neman afuwar Baba Malam, domin ban isa in ja da shi a fagen adabi ba, amma a wannan gaɓar ina da saɓanin fahimta.

Littattafan da Baba ya kawo misali da su 'yan ƙanana ne, mutum yana iya gama kowannensu a yini ɗaya. Na yanzu kuwa wani yakan kai shafi 100 ko fiye a waya, wani ma a raba shi kashi na 1 da na 2 da na 3, kowane kashi da kuɗinsa. Mu da muke Nijar sai mun nemi wanda zai tura mana naira mu biya shi da sefa, sannan ga kuɗin data. Idan aka ce ba wanda zai ba da tauraro sai wanda ya kai ƙarshe, to waɗanne mutane ne suke kaiwa ƙarshe? Mafi yawansu waɗanda littafin ya yi wa daɗi ne, domin wanda ya gundura ya riga ya tafi. Ke nan kowane littafi zai tashi da taurari 4 ko 5, mai kyau da marar kyau, kuma mai saye ba zai sami abin da zai bambance su da shi ba. Wannan ma ai wani nau'in rashin adalci ne, sai dai a kan mai karatu yake faɗawa.

Ni ina ganin gazawar littafi wajen riƙe mai karatu aibi ne na littafin, kuma aibi ne da ya cancanci a auna. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yayarmu ta karanta kusan rabi, da kuɗinta, da kyakkyawar niyya, kuma abin da aka nuna mata a shafukan kyauta ba shi aka ba ta a na kuɗi ba. Idan ta ba da tauraro 2 ta rubuta dalili a ƙarƙashinsa, ban ga inda ta zalunci kowa ba. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai karanta shafi 3 ya yanke hukunci, ko wanda bai buɗe littafin ba sam, ya ji ana zagi a rukuni shi ma ya bi sahu.

Marubuciya daga Sakkwato

Ina gaida Malam, ina gaida ƙannena. Bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin na rubuta littattafai huɗu ta wannan hanyar ta shafi-shafi.

Abin da ƙanina na Damagaram ya faɗa game da kuɗi gaskiya ne, kuma ban taɓa jin haushin wanda ya ajiye littafina ba. Amma ina so a duba ƙanƙantar kasuwarmu. Littafin da mutum 10,000 suka ba wa taurari, tauraro ɗaya ba ya motsa shi. Namu kuwa sau da yawa mutum biyar ko shida ne suke tsayawa su danna. Idan mutum huɗu suka ba ni 5, sannan ɗaya da bai gama ba ya ba ni 1, matsakaicin ya sauko zuwa 4.2 nan take, kuma wannan lambar ce baƙo zai fara gani kafin ya karanta ko jimla ɗaya daga abin da na rubuta.

Sai dai zan faɗi wani abu da ya faru da ni. A littafina na biyu wata mai karatu ta rubuto cewa ta tsaya a shafi na 30, domin na kawo sababbin mutane har bakwai a cikin shafi huɗu, ta rasa wace ce 'yar wa, wane ne mijin wa. Na kwana da ɓacin rai, amma da na koma na karanta wurin sai na ga gaskiyarta. Waɗanda suke yaba mini kullum a rukuni ba su taɓa gaya mini haka ba, wataƙila don kunya, wataƙila don sun saba da ni. Maganar wadda ta tafi ce ta gyara mini littafi na uku, kuma da ta yi shiru da na maimaita kuskuren.

Don haka, ƙanwata ta Kano, roƙona shi ne ki rubuta, ki faɗi lambar shafin da kika tsaya, ki faɗi cewa farkon ya burge ki, ki faɗi abin da ya kore ki. Ki yi magana a kan littafin, kada ki taɓa mutuncin mai shi ko tarbiyyar gidansu, domin wannan ne yake sa marubuta da yawa su karaya. Taurarin kuwa, da za ki bar su da na fi so.

Ma'aikaciyar Laburare, Kaduna

Wannan muhawara ba mu kaɗai muke yin ta ba, kuma ina ganin akwai amfani mu ga yadda wasu suka bi da ita.

A shafin Goodreads, inda masu karatu suke ba littattafai taurari da sharhi a intanet, wanda ya fara aiki a 2007, kamfanin Amazon kuma ya saye shi a 2013, ma'anar da aka ba tauraro ɗaya ita ce mai karatu bai so littafin ba, biyu kuma littafin ba yabo ba fallasa. Idan aka bi wannan ma'anar, ɗalibinmu na Damagaram yana da hujja, domin tauraron yana bayyana abin da mai karatu ya ji ne. Amma shafin yana barin mutum ya rubuta sharhi ba tare da ya danna tauraro ba, wanda shi ne abin da Malam yake ba da shawara. Manhajar StoryGraph da Nadia Odunayo ta kafa a Ingila kuwa ta ware wuri na musamman ga littafin da aka fara aka ajiye, dabam da na waɗanda aka gama. A ganina wannan shi ne abin da masu manhajojin littattafan Hausa ya kamata su ƙara, domin da an ga cewa mutane da yawa sun ajiye littafi a wuri ɗaya, mai saye da marubuci duka sun sami labari ba tare da an taɓa awon taurari ba.

Hatsarin da ya fi girma shi ne hukuncin waɗanda ba su karanta ba sam. A watan Yuni na 2023 marubuciyar Amurka Elizabeth Gilbert ta dakatar da fitar da wani littafinta da ta gina labarinsa a Sibeiriya ta ƙasar Rasha, bayan ɗaruruwan mutane sun ba shi tauraro ɗaya a Goodreads saboda yaƙin Yukiren, alhali ba a ma buga littafin ba. Ko me mutum yake gani game da dalilinsu, abin da suka auna ba rubutun ba ne.

Game da yawan abin da ya kamata a karanta kafin a ajiye, wata sananniyar ma'aikaciyar laburare a birnin Siyatil na Amurka, Nancy Pearl, ta ba da shawarar shafi 50 ga wanda shekarunsa ba su wuce 50 ba, wanda ya haura kuma ya cire shekarunsa daga 100, abin da ya rage shi ne adadin shafukan. Amma a lura, ƙa'idarta ta ajiye littafi ce ba tare da jin nauyi ba, ba ta ba shi maki ba ce. A laburarenmu nakan tambayi wanda ya dawo da littafi ko ya gama shi, kuma amsar waɗanda ba su gama ba tana taimaka mini wajen sanin wanda zan miƙa wa littafin a gaba.

Mai Son Karatu, Kano

Na gode, Baba Malam, na gode Yaya marubuciya da sauran 'yan'uwa. Na rubuta sharhin ɗazu. Na ce na tsaya a shafi na 42 daga cikin 90, na yaba Hausar da shafukan farko, na ce na ajiye ne saboda an bar labarin yaran da sana'ar an koma zancen dukiya, kuma na ce ban san yadda aka ƙare ba. Ƙawayena na tura musu shi kamar yadda yake.

Sai dai manhajar ta ƙi karɓar rubutun sai an danna tauraro, don haka na ɗora shi a shafina na Facebook. Na kuma rubuta wa masu manhajar ina roƙon su raba biyun. Idan akwai wanda ya karanta irin wannan littafin har ƙarshe ya ga an dawo kan labarin da aka fara, ina so in ji daga gare shi, domin har yanzu yaran nan uku suna cikin raina.