Darasin zane ga yara sittin, ba fenti ba buroshi: ta ina za a fara?

Malamar aji uku, Gadarif:

Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema a kan darasin zane, wanda jadawali ke kira tarbiyya fanniyya. Aji uku ne da aji huɗu, yara sittin da 'yan kai a kowane aji, darasi ɗaya a mako, minti 40. Babu fenti, babu buroshi, takarda kuma ta yi tsadar da ba za a iya ɗora wa iyaye ba a halin da ake ciki. Abin da ake yi yanzu, a zana tulu ko fure a allo, yara su kwafa da fensir, a ba su maki. Da me za a haɗa fenti mai araha wanda ba zai cutar da yaro ba? Baƙar ƙasar nan tamu tana ginuwa kuwa, ko wahalar banza ce? Sannan a kan me ake ba da maki?

Tsohon malamin zane, Wad Madani:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kina zaune a Sudan, ƙasar da ta fi kowace ƙasa fitar da ƙaro, kina kukan fenti? Fentin ruwa na kwali da ake kawowa daga waje, garin launi ne da ƙaro, sai ɗan abin da ke hana shi tsagewa. Ƙaron dakwara za ki nema, wanda ake kira hashab a kasuwa. Na itacen talha ma zai yi, amma bai kai shi kama takarda ba.

Ki daka ƙaro kofin shayi ɗaya, ki zuba masa ruwa mai ɗumi kofi biyu, ki rufe ya kwana. Kada ki tafasa. Da safe ki motsa, ki tace da tsumma mai tsabta don ɓawon itace da yashi su fita. Ki sa zuma ko sukari cokalin shayi uku, ki jefa kanumfari huɗu ko biyar. Zumar ce ke hana fentin tsagewa idan ya bushe, kanumfarin kuma yana jinkirta tsami. Duk da haka, da zafin nan namu kwana kaɗan yake yi ya fara wari, don haka ki haɗa daidai wanda za ki ƙarar.

Launi kuma huɗu sun isa. Baƙi: gawayi a daka lukui a tankaɗe da ƙyallen gyale, ko kunkunniyar gindin tukunya, irin yadda almajirai ke haɗa tawada. Kunkunniya ba ta shiri da ruwa, yawo take a samansa, sai kin fara murje ta da ƙaron ta zama kamar ƙullu kafin ki ƙara ruwa. Fari: guntayen alli da suka rage a aji. Shuɗi: bular wanki, wadda masu kanti ke kira zahara. Ja: jar ƙasa, amma ita sai an wanke ta. A dama ta a bokiti, a jira kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman mai kauri a wani bokitin, a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan da ya washe, laushin da ya kwanta a ƙasa shi ne launin. Wanda ya tsallake wannan, fentinsa zai riƙa karce takarda yana zubewa.

Garin launi cokali ɗaya, ruwan ƙaro cokali ɗaya, a murza da bayan cokali a kan faranti har ki daina jin ƙaras-ƙaras. Ki shafa kaɗan a takarda, ya bushe, ki goga yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsattsagewa ko yana ɗanko, ƙaro ya yi yawa, ƙara gari.

Ga abin da zai sauƙaƙa miki aji mai yara sittin: ki zuba fentin a murafen gorar ruwa, ki shanya a inuwa kwana biyu ya daskare. Yaro ya jiƙa buroshi ya goga, launi ya taso. Ba abin da zai zube a riga. Rukuni goma na yara shida-shida, kowane rukuni murfi huɗu, murafe 40 ke nan. Ki adana su a gwangwani mai murfi saboda kiyashi, zaƙin na jawo su. Buroshi kuwa, asuwaki ne a daddake bakinsa da dutse, ko gashin kaza, ko alƙalamin kara.

Abubuwa uku kada su shigo aji komai arharsu: baƙin garin cikin batir, kwalli, saboda wani yana da dalma, da farar ƙasar shafen gini, wadda ke cin fata, in ta shiga ido kuwa sai asibiti.

Wata malama, Mai Wurno:

Baba ya gama da fenti, bari in taɓa maganar yumɓu. Baƙar ƙasar Gadarif da ta Jazira tana shan ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke. Dubi yadda gona ke dararrewa da rani har ƙafa na faɗawa. Haka za ta yi wa kofin da yaro ya gina in aka yi amfani da ita zalla. Maganinta gauraye: kashi uku yumɓu, kashi ɗaya yashi mai laushi ko tsingaro da aka daka aka tankaɗe. Masu ginin tukwane kan ƙara ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki, amma a aji tsingaron ya fi tsabta.

Kafin ki kai wa yara, yi gwaji biyu. Mulmula shi kamar igiya mai kaurin ƙaramin yatsa, ki naɗa a yatsanki. In ya karye, yashi ya yi yawa ko ruwa ya yi kaɗan. Na biyu, yi ɗan falle, ki ja layi mai tsawon santimita 10 a kai, ki shanya a inuwa. In layin ya ragu da fiye da santimita ɗaya, ƙara tsingaro.

Abin da ke lalata aikin yara kusan kullum guda uku ne. Kauri: kada bango ya wuce kaurin yatsa, don waje na bushewa ciki na jiƙe, sai ya tsage. Haɗi: mariƙin kofi da aka manna kawai zai faɗi washegari, sai an karce wuraren biyu da tsinke, an shafa ruwan yumɓu mai kauri, sannan a danna a shafe bakin. Rana: yaro na gamawa zai ruga ya ajiye a rana. A inuwa ake shanyawa, a rufe da tsumma kwana biyun farko, a ba shi mako guda. Gasa shi a wuta ba aikin yara ba ne, kuma abin da bai bushe sarai ba fashewa yake a wuta saboda tururin da ke ciki.

Don Allah kada a aiki yara ɗebo yumɓu a bakin kogi ko magudanan ban ruwa. Ban da haɗarin nutsewa, akwai tsargiya a ruwan. Babba ya ɗebo, a shanya shi ya bushe ƙarau, a daka, sannan a jiƙa da ruwa mai kyau.

Malamin horar da malamai, Kasala:

Malama, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ni a ganina ba rashin fenti ne babbar matsalar ajinki ba. Tulun nan na kan allo ne. Yaro sittin sun kwafi tulu ɗaya, abin da suka koya shi ne akwai tulu na daidai, na malama, nasu kuma kuskure ne. Ɗan aji ɗaya ba ya jin tsoron takarda. Wajen shekara tara zuwa goma ne yake fara gwada zanensa da abin da ido ke gani, daga nan sai ki ji "ni ban iya ba". Ajinki suna daidai wannan gaɓar, kuma abin da suke bukata a koya musu kallo.

A ajiye abu na gaske a gaban kowane rukuni: reshen darbejiya, zangarniyar dawa, buta, takalmi. Minti biyar ba mai taɓa fensir, tambaya kawai. Ganye nawa ne a reshen? Suna fuskantar juna ko suna saɓawa? Bakin ganyen sumul yake ko yana da haƙora? Sannan su zana idonsu na kan reshen, fensir na tafiya a hankali kamar tururuwa na bin gefen ganye. A karɓe abin gogewa gaba ɗaya, in ba haka ba rabin lokaci a shafe-shafe zai ƙare har takarda ta huje. Wanda ya zana abu ƙanƙane a lungun takarda, a ce masa zanen ya taɓa gefe uku.

Minti 40 ɗin: biyar rabon kaya ta hannun shugabannin rukuni, biyar kallo, ashirin aiki, biyar a jera ayyuka a ƙasa a zagaya, biyar wanke hannu da tattarawa. Kada malama ta ɗauki fensir ta gyara a takardar yaro. Ta nuna a wata takardar daban.

Maki kuwa, kada ya zama na "kyau". Daga goma: huɗu ga lura, wato abin da ya gani ya sa a zanen, uku ga yin dabarar da aka koyar ran nan, uku ga kammalawa da kula da kaya. Da haka yaron da hannunsa bai faɗa ba amma ya ƙirga ganyensa daidai zai iya cin takwas.

Malamar aji uku, Gadarif:

Allah ya saka da alheri, Baba da sauran malamai. Saura biyu. Wasu iyaye ba sa son a zana mai rai. Kuma ban ji an ambaci zoɓo da gangamau ba, alhali su ne suka fi sauƙin samu.

Mai rubuta allunan shaguna, Bur Sudan:

Malama, maganar mai rai kada ki ja da iyaye, malamai ma sun yi saɓani a kai, kuma abin zanawa bai ƙare ba. Faifai kaɗai zai ci mako uku: a kawo na gaske, yara su gano inda adon ke maimaita kansa, su ƙirga launi nawa ake yi kafin a koma na farko, sannan kowa ya tsara nasa a da'ira. Akwai aikin hula, zanen lalle, bakin tob, wato lafayar mata, da zayyanar allo. A yanka kuɓewa a gicciye a dangwala a fenti, ga hatimi mai kamar fure. Tsohon silifas ma malama ta yanka shi murabba'i da dala, a buga layi-layi. Fentin hatimi ya fi na buroshi kauri, in ya yi ruwa sai adon ya cushe.

Ga 'yan aji huɗu, a ba su aikin da ke da amfani: tambarin buhun riɗi, tunda garinku garin riɗi ne, ko allon mai shayi. Sharaɗi ɗaya, a iya karanta shi daga taku goma. Nan za su gane da kansu rawaya a kan fari ba ta fitowa, siririn harafi kuma ɓacewa yake. Kuskuren kowane sabon hannu shi ne ya fara da manyan haruffa daga dama, ya iso hagu wuri ya ƙare, sai ya matse na ƙarshe. A rubuta kalmar a 'yar takarda, a ninka biyu a ga tsakiyarta, a fara daidaita wannan da tsakiyar allon da fensir. Mai rubutu da dama kuma hannunsa na bin kan abin da ya rubuta a rubutun Larabci, sai ya riƙa ajiye hannun ƙasa da layi. A guji ayoyi da sunayen Allah a takardun gwaji, don ƙarshensu ƙasa.

In ana son nuna musu wani na gida, ga Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin allo, wanda ya yi karatu a Landan ya dawo ya gina zanensa a kan harafin Larabci da adon gargajiya. A 2013 gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan ya baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa. Yana da jerin zane a kan itacen haraz, gawo ke nan, mai zubar da ganye da damina. Yawancinsu layuka ne kawai, yaro na iya gwada irinsu da alƙalamin kara.

Tsohon malamin zane, Wad Madani:

Da gangan na bar zoɓo da gangamau, 'yata, don rini ne, ba gari ba, kuma ba sa daɗewa. Zoɓo ja ne a kofi, amma a takarda yakan juye shunayya ko ruwan toka, saboda yawancin farar takarda akwai alli a jikinta. Matsa lemun tsami kaɗan, zai tsaya ruwan hoda. Ɗiga ruwan kanwa, wadda nan ake kira atrun, ya koma kore. Gangamau kuma in ya haɗu da kanwa ja yake zama. Wannan kansa darasi ne mai daɗi: a shafe takarda da zoɓo, ta bushe, a yi zane a kai da tsinke biyu, ɗaya na lemo ɗaya na kanwa. Sai dai kada a liƙa a bangon da rana ke bugawa, gangamau kwana kaɗan yake yi ya koɗe.

Kuma kada ki yi wa yara alkawarin ja da shuɗi za su ba da shunayya. Jar ƙasa akwai rawaya a cikinta, in ta haɗu da bula ruwan ƙasa mai duhu za ki samu. Gangamau da bula dai suna ba da kore. Takardar littafi kuma ba ta ɗaukar ruwa, lanƙwashewa take. A yanka kwalin sabulu ko na biskit girman tafin hannu biyu, a shafe shi da alli da ruwan ƙaro tun jajibirin darasin, ya kwana ya bushe.