Tantance tsutsar masara da gwajin DNA: ina aikin yake lalacewa?

Ɗan Samaru: Jama'a, baƙuwar tsutsar masarar nan da aka tabbatar da shigowarta Afirka ta Yamma a 2016, in ta girma ido ma ya isa: alamar gwafa a goshi, baƙaƙen ɗigo huɗu wajen wutsiya. Ƙwai da ƙananan da suka ƙyanƙyashe ne ke rikita mutum. Masu aikin DNA, a ina aka fi yin tuntuɓe?

Hajiyar Lab: Tun daga gona, Malam. A saka kowace tsutsa a kwalbarta, cikin itanol (sinadarin alkohol) mai ƙarfin kashi 95 zuwa sama. Washegari a zubar a zuba sabo, don ruwan jikinta yana tsarma shi, DNA ya fara ruɓewa. Sai firiza, digiri 20 ƙasa da sifili. Fomalin kuwa, sinadarin adana gawa, kada ya kusance ta, yana lalata DNA, aikin banza za a yi. Takardar suna a rubuta ta da fensir, biro wankewa yake.

Na Maraɗi: Gaskiyar Hajiya. Kuma kada a niƙe tsutsar gaba ɗaya. Ɗan yanki daga kai ko ƙafa ya wadatar. Cikinta akwai ganyen da ta ci, wani lokaci har da tsutsar zanzaro ko ƙuda mai cinta daga ciki, sai sakamako ya fito da sunan wani ƙwaro daban.

Malam Barkod: Sashen COI, wato yankin DNA da ake gane jinsin ƙwaro da shi, muke ninkawa da PCR, hanyar kwafar DNA da yawa, da faramomin LCO1490 da HCO2198, gajerun guntayen DNA masu nuna inda za a kwafa. Zagaye 35, zafin mannewar faramomin da DNA wajen digiri 48 zuwa 50. Abin da ake karantawa harufa 658 ne. Kullum a bar bututu ɗaya da ruwa zalla. In alamar DNA ta fito a wannan bututun, gurɓata ta shiga, a sake daga farko. Daga nan a gwada jerin harufan da na rumbun bayanan DNA na BOLD, ba rumbun GenBank kaɗai ba, don a GenBank akwai waɗanda aka shigar da suna ba daidai ba. Kamanni ƙasa da kashi 98 ba abin yanke hukunci ba ne.

Hajiyar Lab: Sai dai, Malam, COI jinsin kawai zai tabbatar. Tsutsar layi biyu ce, wato iri biyu, na masara da na shinkafa; a tsutsotsin Afirka COI ya sha nuna na shinkafa alhali Tpi, wani sashen DNA daban, na cewa na masara. Sai an haɗa biyun.

Ɗan Samaru: Na gode. Itanol ɗin nan ne ashe ba a canzawa a wurinmu.